Filin Jirgin Malam Aminu Kano: Daga Mashigar Najeriya Zuwa Jiran Lokacin Hajji

Har gobe, a taswirar da matuƙan jirage ke aiki da ita, sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa. Jirgin da ya taso daga Turai ya nufi kudancin Afirka, idan ya keto ta saman ƙasar nan, a takardunsa yankin Kano ya shiga, ko da ta kan Legas ya wuce. Wannan suna ragowar wani zamani ne da filin jirgin Kano ya kasance ƙofar da ake shigowa Najeriya ta sama. Yau kuwa kaso mafi tsoka na masu fita waje ta Legas suke tashi, Abuja na biye, Kano kuma sai ta jira lokacin Umara da Hajji kafin harabar filin ta cika.

Idan aka tambayi dalili, amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce maƙarƙashiya ce aka ƙulla wa Arewa a ma'aikatar sufurin jiragen sama, wasu su ce rashin tsaro ne ya kori baƙi. Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma zan zo kansu. Amma a ganina babu wadda ta kai ga saiwar lamarin. Filin Kano ya yi tashe ne saboda buƙatar wasu mutane da ke wucewa, kuma da buƙatarsu ta kau sai ya koma dogaro da tafiye-tafiyen mutanen yankinsa kaɗai. Duk wanda ke son fahimtar halin da filin yake ciki, sai ya raba waɗannan zamunna biyu.

A watan Nuwamba na 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Daga Helwan da ke kusa da Alƙahira suka taso, suka bi ta Sudan da Chadi. Babu filin jirgi a lokacin, don haka a filin da Turawa ke wasan dawakai suka sauka, zamanin Sarkin Kano Usman. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1936, kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Khartum zuwa Kano, yana yada zango a El Obeid da El Fasher da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da Maiduguri. Daga baya a wannan shekarar aka miƙa layin zuwa Legas. Daga nan ake lissafa shekarun filin, abin da ya sa shi ne mafi tsufa a ƙasar.

A lura da inda jiragen suka ɓullo. Jirgin ƙasa daga kudu ya taso ya iso Kano a 1911, jirgin ruwa kuma a gaɓar Legas yake tsayawa. Jirgin sama shi ta gabas ya shigo, ta tsohuwar hanyar da maniyyata ke bi a ƙafa zuwa Makka, ya sauka Kano kafin ya san Legas. Wasiƙar da a da sai ta kwana kusan mako biyu a teku daga Ingila, sannan a ɗora ta a jirgin ƙasa, ta koma isowa cikin 'yan kwanaki.

Yaƙin duniya na biyu ne ya mayar da wannan siririyar hanya babban titi. Da Italiya ta shiga yaƙin a watan Yuni na 1940, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, ga shi kuma dakarunta da ke Masar suna buƙatar jiragen yaƙi. Sai aka ɓullo da dabarar kawo jiragen a kwance cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, matuƙa su tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Khartum har Alƙahira. Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya juya wa gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus baya a watan Agusta na 1940, ya bi Janar de Gaulle. Dubban jirage suka bi ta nan. Saboda su aka gyara titin sauka da tashi, aka tanadi ma'ajiyar mai, aka kafa na'urorin sadarwa da na duba yanayi. Da aka gama yaƙi, Kano ta wayi gari da kayan aikin da garuruwa kaɗan ne ke da irinsu a wannan sashe na Afirka.

Shekarun da suka biyo baya su ne dattawa ke tunawa da daɗi. Jiragen wancan lokaci masu farfela ne, irin su DC-4 da Constellation da Argonaut, kuma ba sa iya yin Turai zuwa tsakiya ko kudancin Afirka a tashi ɗaya. Sai sun sha mai a arewacin Afirka, su tsallaka Sahara, sannan su nemi wurin sauka na farko mai aminci a wannan ɓangaren. Kano ce wurin. Kamfanin BOAC na Ingila yana bi ta Tarabulus ya sauka Kano kafin Legas da Akara. Sabena na Beljiyam yana tsayawa a hanyarsa ta zuwa Kwango. KLM na Holan ya fara sauka a 1947 a kan layinsa na Johannesburg. Tsofaffin hotunan filin suna nuna wani bawan Allah a kan raƙumi, riƙe da kakaki, wanda aikinsa shi ne ya busa idan jirgi ya kusa sauka, don masu dabbobi da masu wucewa su kauce. Fasinjojin Turai sukan sauko su miƙe ƙafa, su sha shayi, su sayi jakar fata ko taburma daga masu talla, ma'aikata kuma suna ɗura mai. Bayan sa'a ɗaya ko biyu a sake kiransu su hau.

A nan raunin yake, ko da yake ba a gan shi ba a lokacin. Filin ya kasance kamar zangon fatake mai rijiya a bakin daji: ayari na cika shi kullum, amma ruwa suka zo sha, ba garin suka nufa ba, kuma ranar da suka sami dabbobin da ke iya wuce dajin ba tare da sun sha ba, zangon zai yi shiru. Ranar ta zo da jirage masu injin jet. Daga farkon shekarun 1960, Boeing 707 da DC-8 da VC10 suka fara keta Sahara su zarce Legas ko Kinshasa kai tsaye. Kamfani ba ya son sauka idan ba dole ba, don kowace sauka kuɗi ce: kuɗin fili, man da ake ƙonewa wajen sake tashi, lokacin ma'aikata, da lalacewar taya da birki. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa tsallake Kano, sai waɗanda suka ga akwai fasinjan da za su ɗauka a garin.

Siyasa da tattalin arziki suka ƙara tura lamarin gaba. Legas ce fadar gwamnati, can ofisoshin jakadanci suke, can hedikwatocin bankuna da kamfanonin mai suke. Filin Kano ya ga nasa rabon na baƙin kwanakin 1966, lokacin da sojojin da suka yi bore a farkon Oktoba suka kashe 'yan ƙabilar Ibo da dama da ke jiran jirgi a can, kuma tafiyar dubban ma'aikata da 'yan kasuwa daga garin ta bar giɓi. Da kuɗin fetur ya zo a shekarun 1970, dalar gyaɗa ta ɓace, aka gina wa Legas katafaren ginin fasinjojin ƙasashen waje da aka buɗe a 1979. Sai kuma Abuja, wadda gwamnati ta koma cikinta a watan Disamba na 1991. Wannan ita ce ta fi yi wa Kano illa, domin kafin nan duk ɗan Arewa mai fita waje, daga Sakkwato har Yola, Kano ce filinsa mafi kusa. Abuja ta janye jami'an gwamnati, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da 'yan kwangila, wato masu sayen tikiti mai tsada.

Ba Kano kaɗai wannan ya samu ba. Gander ta Kanada da Shannon ta Ayalan su ma mashayar mai ce ga jiragen da ke tsallaka tekun Atlantika, kuma jet ya tsallake su. Abin da ya sa nake kawo Shannon shi ne mutanenta sun hango abin da ke tafe. Tun 1947 suka buɗe kantin sayar da kaya ba haraji a cikin filin, na farko irinsa a duniya, sannan a 1959 suka kafa yankin masana'antu mai sassaucin haraji a gefensa, don su ƙirƙiro wa jirage dalilin sauka bayan dalilin mai ya ƙare. A Kano ba a yi irin wannan shiri a kan kari ba. Filin na gwamnatin tarayya ne, hukuncinsa a wancan lokaci a Legas ake yankewa, garin da ke cin moriyarsa kuma ba shi da ta cewa a kansa.

Abin da ya riƙe filin bai durƙushe ba shi ne aikin Hajji, kuma wannan ɓangare ya cancanci a tsaya a kansa. Kafin jirgin sama, tafiya Makka daga ƙasar Hausa aikin shekaru ne. Mutum ya yi sallama da iyalinsa, ya raba gado ma wani lokaci, ya bi ta Borno da Chadi da Darfur, yana tafe yana ƙwadago a gonakin Sudan, har ya kai bakin Bahar Maliya ya tsallaka. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Bayan yaƙin duniya na biyu, 'yan kasuwar Kano suka shiga tsara wannan tafiya, da mota tukuna, sannan da jirgi. Alhaji Mahmud Ɗantata ya kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma wadda ake taƙaita sunanta da WAPA, kuma daga nan unguwar Wapa ta Fagge, matattarar 'yan canji, ta samo sunanta. Kasuwar canjin kuɗi ta Kano 'yar Hajji ce, Hajjin jirgi kuma ɗan wannan fili ne. Tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i biyar ko ƙasa da haka.

Wanda ya taɓa ganin rakiyar maniyyata a shekarun baya ya san abin da filin yake nufi ga talaka. Ƙauye guda kan tashi a motar haya don raka mutum ɗaya. A shimfiɗa tabarmi a sansanin alhazai, a kwana, a sake kwana, ana jiran a kira sawu. Tsohuwa ta ƙulle guzurinta a gefen zane, ɗanta na riƙe da fasfo da katin allura yana maimaita mata kada ta saki jakar hannu. Idan jirgi ya ɗaga, 'yan rakiya su tsaya a bakin waya suna ɗaga hannu, suna addu'ar Allah ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya. Ga mafi yawan waɗannan mutane, wannan ne karo na farko da na ƙarshe da wani nasu zai hau jirgi.

Cikin wannan jigila ne filin ya ga rana mafi muni a tarihinsa. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Alia na Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya don dawo da alhazai daga Jidda zuwa Legas, aka karkatar da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu cikin 202 da ke ciki. A lokacin babu haɗarin jirgin sama da ya fi shi cin rayuka a duniya. Allah ya jiƙansu.

Hajji da kasuwanci ne kuma suka haifar da kamfanonin jirage na 'yan yankin. Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a 1980, ya zama cikin na farko da suka karya babakeren Nigeria Airways, har ya mallaki manyan jiragen Boeing 747 don jigilar alhazai. Bayan rushewar Nigeria Airways a 2003 aka ga irin su Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal da Azman na Alhaji Abdulmunafi Yunusa Sarina. Sai dai jigilar Hajji ta wata biyu ce a shekara, kuma yanzu ba ta Kano kaɗai ba ce. Katsina, Sakkwato, Birnin Kebbi, Dutse, Bauchi, Gombe, Kaduna, Maiduguri, Yola, kowace jiha na son alhazanta su tashi daga gida, kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana rarraba jiragen haka. Ga maniyyaci wannan sauƙi ne, ba na musun haka. Amma wasu daga cikin filayen nan, da an gama kwaso alhazai sai su koma kusan kufai har wata shekara, jihar na ci gaba da biyan kuɗin kula da su. An yanka kasuwa ɗaya gunduwa-gunduwa, ba a sami fili ko ɗaya da ya ƙoshi ba.

Ƙafa ta biyu da filin ya tsaya a kanta ita ce 'yan kasuwa. Lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ke aiki ba dare ba rana, akwai injiniyoyi da masu masaƙu da dillalan fata da ke kai da komo tsakanin Kano da Turai. Kwarorin Labanan da suka daɗe a garin sun sa kamfanin Middle East Airlines ya riƙa haɗa Kano da Beirut shekara da shekaru. Da wutar lantarki ta gagara, atamfar Sin ta cika kasuwa, masaƙu suka rufe, sai alƙiblar tafiya ta juya gabas. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko mai sayar da waya yanzu Guangzhou da Dubai yake nufa, shi ya sa kamfanonin da suka fi dacewa da Kano su ne masu haɗa fasinja ta Addis Ababa, Alƙahira, Jidda ko Doha. KLM, wanda ya shafe shekara 65 yana sauka, ya janye a tsakiyar 2012, 'yan watanni bayan hare-haren 20 ga Janairu da suka girgiza birnin. Ana yawan ɗora tafiyarsa a kan tsaro kaɗai. Tsaro ya taka rawa, amma fasinjan Turai ya riga ya yi ƙaranci tun kafin nan.

A nan ya kamata a duba yadda kamfanin jirgi ke lissafi, don shi ne abin da masu kiran a dawo da martabar filin suka fi tsallakewa. Kamfani ba ya duba girman gari ko tarihinsa. Abu huɗu yake tambaya. Kujeru nawa za su cika, kuma za su cika duk shekara ko sai Ramadan da Zulhajji? Mutum nawa ne za su sayi kujerun gaba masu tsada, waɗanda su ne ke ɗauke da ribar doguwar tafiya? Me za a zuba a cikin jirgin na kaya, zuwa da dawowa? Sannan kuɗin da aka sayar da tikiti da naira, za a iya canza su a fitar? Tambayar ƙarshe ta ƙasa ce baki ɗaya: a 2023 kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800, kuma idan kamfani zai rage zirga-zirga saboda irin wannan, ƙananan tashoshi yake fara yankewa ya bar Legas. A sauran ukun kuwa, Kano tana da yawan jama'a amma tana da ƙarancin masu kujerar gaba, kuma jirgi na sauka da kaya maƙil ya tashi cikinsa kusan wayam.

Akwai kuma matsalar da ba a cika magana a kanta ba. Filin da zai zama cibiya yana buƙatar ƙananan jirage da ke kwaso masa fasinja daga garuruwan kewaye su haɗa shi da babban jirgi. Abin da ya ɗaga Addis Ababa ke nan, domin kamfanin Ethiopian yana tara mutane daga ko'ina a Afirka ya sake rarraba su. Daga Kano kuwa jiragen cikin gida kusan duk Abuja da Legas suke zuwa. Mutumin Maiduguri ko Sakkwato da ke son tashi ta Kano sai ya yini a mota a kan hanyar da ba kowa ke son bi ba, alhali akwai jirgin da zai kai shi Abuja cikin sa'a guda. Mutanen Maraɗi da Damagaram, waɗanda Kano ta fi musu kusa da Yamai nesa ba kusa ba, su ma sai ta mota, da duk wahalar kan iyaka.

To ina gaskiyar masu zargin maƙarƙashiya? Tana nan, kuma ba ƙarama ba ce. Jirgin waje ba ya sauka inda ya ga dama. Yarjejeniyar sufurin sama tsakanin ƙasa da ƙasa ita ke fayyace garuruwan da zai shiga da sau nawa a mako, kuma gwamnatin tarayya ce ke sa hannu. An sha yin rigima a majalisar tarayya kan zargin cewa an hana wasu kamfanoni izinin sauka a Kano, ma'aikata na musantawa, kamfanonin cikin gida kuma na goyon bayan a taƙaita baƙi a Legas da Abuja don su sami fasinjan da za su kwasa zuwa can. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na annobar korona. An rufe zirga-zirgar ƙasashen waje a watan Maris na 2020, aka buɗe Legas da Abuja a watan Satumba, Kano kuwa sai Afrilun 2021. Wata bakwai ɗan kasuwar Kano na biyan kuɗin ƙarin jirgi da otal a Abuja kafin ya fita. Irin wannan jinkiri yana koya wa fasinja da kamfani sabuwar hanya, kuma ba duka ke dawowa ba. Don haka ƙorafin halal ne, ya kamata wakilan yankin su ci gaba da yin sa. Abin da nake ja da shi shi ne tunanin cewa da an ba da izini shi ke nan. Turkish Airlines ya zo Kano, ya yi 'yan shekaru, ya daina. Izini na kawo kamfani, amma ciniki ne ke zaunar da shi.

Haka batun gini. A 2013 gwamnatin tarayya ta karɓi rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, ta ƙara nata, don gina sababbin gine-ginen fasinja a Legas, Abuja, Fatakwal da Kano, kamfanin CCECC ya yi aikin. Na Fatakwal da na Abuja aka buɗe a 2018, na Kano ya biyo baya da jinkiri. Ginin ya yi kyau, ya kuma rage wa matafiya wulaƙancin cunkoso da zafi da aka sha a tsohon. Amma bashi ne da za a biya da dala, kuma kuɗin da hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, FAAN, ke samu daga fili ya dogara da yawan fasinja da jiragen da ke sauka. Gini mai ɗaukar jama'a da yawa wanda ke karɓar jirage ƙalilan a rana, kuɗin sanyaya shi da haskaka shi kaɗai nauyi ne.

Da za a tambaye ni inda ya fi cancanta a zuba kuɗi, zan fara da abubuwan da fasinja ba ya gani. Kano na da abokan gaba biyu na yanayi. Na farko hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan rufe gari har matuƙi ya kasa hango titi, a soke tashi ko a karkatar da jirgi wani gari. Maganin wannan shi ne na'urar da ke jagorantar jirgi ya sauka ko ba ya gani sosai, tare da fitilun titi masu aiki da wutar da ba ta ɗaukewa, da gwada na'urar a kan lokaci, da jirage da matuƙan da aka horar su yi amfani da ita. Ɗaya ya ɓace, sauran ba su da amfani. Na biyu zafi. Kano na kan tudu, kimanin mita 470 sama da teku, kuma a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗaga nauyi da wuri, don haka jirgi na buƙatar titi mai tsawo ko ya rage kaya. Filin na da titi biyu, babban ya ɗan haura kilomita uku, ƙaramin bai kai biyu da rabi ba, kuma sojan sama na da sansani a wurin.

Ranar 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 da ya nufi Legas ya tashi daga ƙaramin titin, ya zarce ƙarshensa kafin ya ɗaga, ya kasa yin sama, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Wannan musiba ta nuna wani abu da ke ƙara tsananta kullum: filin da aka gina a bayan gari yanzu gari ya zagaye shi. Kurna, Bachirawa, Jaba da sauran unguwanni sun matso har jikin katanga. Kowane fuloti da aka yanka a kan hanyar tashin jirgi yana rage damar tsawaita titi nan gaba, yana kuma sa iyalai a ƙarƙashin haɗari. Shara da mahauta a kusa da fili suna tara tsuntsaye, tsuntsu ɗaya kuma na iya kashe inji. Wannan ɓangaren ba na Abuja ba ne, aikin gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomi da masu unguwanni.

Sai maganar kaya, wadda kowane gwamna da minista ke ambata. Ana cewa a mai da Kano cibiyar fitar da amfanin gona ta sama. Tunanin daidai ne, amma a tantance wane kaya. Riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da ke fita daga Dawanau kayan kwantena ne, masu nauyi, ba sa lalacewa da wuri, kuɗin jirgin sama zai cinye ribarsu. Hanyarsu ita ce tashar tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a 2023 da layin dogo zuwa teku. Abin da ke hawa jirgin sama shi ne mai tsada ko mai saurin lalacewa: nama, ɗanyen kayan lambu irin na Kadawa da Kura, jemammiyar fata da ake kai wa Italiya da Sifen, magunguna. Kenya da Habasha da furanni suke cika jiragensu. Kafin Kano ta yi haka tana buƙatar ɗakunan sanyi daga gona har bakin jirgi, mayanka ta zamani da ƙasashen Larabawa za su amince da ita, da ɗakin gwaji da takardarsa ke da daraja a waje. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu. Irin wannan matsala ba a filin jirgi ake gyara ta ba, a wajen manomi da ɗan kasuwar hatsi ake gyara ta. Akwai yankin ciniki maras haraji a Fanisau, dab da filin, wanda shi ne ya fi kama da abin da Shannon ta yi, sai dai masana'anta ba ta zama inda babu tsayayyar wuta.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai iya faɗaɗa yankin da filin ke ɗiba, idan an kammala shi kuma iyaka ta zauna lafiya. Batun bai wa 'yan kasuwa hayar filin su gudanar kuwa, an kai ga amincewa da shi a ƙarshen mulkin Buhari a 2023, gwamnatin da ta biyo ta dakatar. Duk ranar da aka sake ɗauko shi, abin da ya kamata Kanawa su nema a gani a takardar shi ne ko mai hayar ya ɗauki alkawarin gina ɓangaren kaya da ɗakin sanyi, da kula da titi da na'urorin sauka, da nemo kamfanonin da za su haɗa Kano da garuruwan Arewa da na Nijar, da kuma hukuncin da zai hau kansa idan ya saɓa. In ba a rubuta waɗannan ba, zai tsaya ne ga karɓar kuɗin fakin da hayar shaguna.